Kwalkwalin da Na Dirje a Manchester

Tun da na dawo daga Ingila ƙawayena ba su bar ni na huta ba. Duk wadda ta zo sannu da zuwa sai ta tambayi jariri, ta tambayi sanyi, ta tambayi ko da gaske ne Turawa ba sa gaida maƙwabci. Daga nan sai idonta ya kai kan kabad, ta ga wani ƙarfe zaune a tsakiyar kulolina, ta ce, "Hajiya Malama, wannan kuma wace irin tukunya ce mai taga?" Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kowa ta tafi da nata ta ƙara masa gishiri. Shi ya sa na zauna na rubuta, wadda ta sake tambaya in miƙa mata ta karanta da kanta. Ba tukunya ba ce. Kwalkwali ne, hular ƙarfe irin ta mayaƙan da, kuma ba tsaraba aka ba ni ba.

Wankan jego ne ya kai ni. 'Yata ta fari, ma'aikaciyar jinya ce a Manchester, ta haifi na biyu. Ban taɓa kiran sunanta ba tun da na haife ta, ba kuma a takarda zan fara ba, don haka Maman Hanifa zan ce. Mijinta kuwa Baban Hanifa. Injiniya ne, mutumin kirki, mai kunya irin wadda yanzu sai an tona ake samu.

Ta Alƙahira jirginmu ya bi. Ba abin da zan ce game da sararin sama sai dai ƙafafuna sun kumbura, abincin kuma kowane a ɗan akwatinsa kamar maganin asibiti. A Manchester ne aka fara wasan. Jami'in da ke buga fasfo ya tambaye ni me na zo yi, na ce wanka na zo yi wa 'yata. Ya ɗago ya dube ni, ya tambayi shekarunta. Na gaya masa. Ya tambaya ko ba ta da lafiya ne. Shekara da shekaru ina koyar da Turanci a firamare, amma ranar na rasa yadda zan fassara jego, sai na ce haihuwa ta yi, ni kuma uwarta ce. Ya buga hatimi ya ce in gaida jariri.

Masu duba kaya ba su da sauƙin kansa. Wata mata mai safar hannu ta buɗe jakata ta shiga fito da ƙulle-ƙulle: kuka, kuɓewa busasshiya, yaji, kanwa, ganyen darbejiya. Da ta kai ga daddawa ta sunsuna, ta ja da baya, ta kira abokin aikinta shi ma ya sunsuna, kamar wanda za a ba lada. Duk suka mayar mini. Kilishi kawai suka riƙe, wai nama ba ya shiga ƙasar. Na ce to su ci, kar su zubar, na wurin mai kyau ne. Ba ta yi dariya ba.

Gidansu yana Old Trafford, cikin gidajen nan na jan bulo da ke manne da juna, kana jin tarin maƙwabcinka amma ba ka san sunansa ba. Ranar da ake ƙwallo titi cika yake da mutane masu jan gyale, suna waƙa, ana gamawa kuma tsit. Wankan farko da na haɗa, na tafasa ruwa da darbejiya a babbar tukunya, tururi ya cika gida, sai wata ƙararrawa a silin ta hau ihu. Maƙwabciya ta zo tana buga ƙofa a guje. Ita ce gaisuwarmu ta farko da ita, kuma ta ƙarshe. Ungozomar da ke zuwa duba mai jego ta ga kunun kanwa ta tambayi abin da ke ciki, ta ɗanɗana a cokali, ta ce a sha amma kaɗan-kaɗan. Na ce to, na ci gaba da damawa yadda na saba.

Abin da ya fi ba ni wahala ba sanyi ba ne, ƙanƙantar gidan ce. A Kano suruki yana da zaure, yana da hanyarsa, sai ku yi wata ba ku haɗa ido ba. A can kuwa lungu ɗaya ne kowa ke bi, faɗinsa bai wuce mutum ɗaya ba. In na fito daga kicin ya sauko daga bene, sai ya koma sama da baya da baya, ni ma in koma kicin, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya wuce, lungu ya zauna babu kowa. Kullum da safe zai durƙusa a bakin ƙofa, kansa a ƙasa, ya ce, "Umma, an tashi lafiya?" Ni kuma in amsa ina kallon jariri. Iyakar maganarmu ke nan. Hanifa, wadda Turancinta na 'yan Manchester ne, ba na kama ko rabinsa, ta tambayi uwarta ko faɗa muke yi da babanta.

Ban daɗe ba na lura mutumin nan ba ya fita aiki. Yana gama karyawa sai ya shige wata rumfar katako a bayan gida, sai dai ka ji ƙwanƙwasar guduma har azahar. Na tambayi Maman Hanifa ko hutu yake.

"Umma, ba hutu ba ne," ta ce. "Council ce ta yi cuts. Department ɗinsu gaba ɗaya aka rufe. Ba mu gaya miki ba ne don kar hankalinki ya tashi."

Wato hukumar garin da yake wa aiki ce ta rage ma'aikata. Lokacin haka garin yake. Ɗakin karatun unguwar a rufe, wurin da ake kai yara wasa a rufe, kowa ka taɓa sai ya ce gwamnati na tsuke bakin aljihu. Na ce to me yake ƙerawa a rumfar? Ta ce in bari Asabar ta zo in gani da idona.

Asabar suka kai ni wani fili mai ciyawa. Na tarar da manyan mutane, wasu da furfura, wasu da tumbi, sun sa sulke da kwalkwali da farantan ƙarfe a ƙirji da hannu, suna dukan juna da takubba marasa kaifi. Wanda aka doka sai ya faɗi ya kwanta kamar ya mutu, can ya tashi ya je ya sha shayi. Wai kwaikwayon yaƙin kakanninsu suke. A gida da an ga magidanci yana haka da 'yan'uwa sun taru a kansa da addu'a. Su kuwa har matansu da 'ya'yansu na tafa musu.

Shugabansu wani ƙato ne mai jan gemu, sunansa Kolin, malamin makaranta. Ya miƙo mini hannu, na dafa ƙirji, ya gane ya dafa nasa. Tsohuwar da ke zuba musu shayi ashe surukarsa ce. Da kunnena na ji ya kira ta da sunanta gatsal, har ya dafa kafaɗarta yana tsokanarta wai shayinta ya yi sanyi, ita kuma ta kai masa duka da tawul. Na kau da kai.

A hanyar dawowa muka biya Rusholme muka ci gurasar Larabawa da gasasshen nama, motocin bas na ta wucewa ta gaban taga. Da Baban Hanifa ya fita neman wurin ajiye mota, Maman Hanifa ta yi mini bayani. Kayan ƙarfen nan da hannu ake ƙera su, sabo sai mai hali, don haka yawancinsu na hannu suke saye. Na hannu kuwa sai an gyara: nan ya lotsa, can maɗaurin fata ya tsinke, sulke ya zubar da zobba. Mai yi musu gyara ya tsufa ya bari. Baban Hanifa ya fara ne da wasa tun yana aiki, hannunsa kuma ya faɗa. Yanzu Kolin ya ba shi gwaji: ya je Birmingham wurin wani tsoho mai sayar da kayansa, ya sayo, ya gyara. A cikinsu akwai kwalkwali ɗaya da Kolin ke so wa kansa. In aikin ya yi, gyaran ƙungiyar gaba ɗaya nasa ne, da na wasu ƙungiyoyin da suke hulɗa da su.

"In bai yi ba fa?" na ce.

"Akwai warehouse, wurin ajiye kaya, da suka ce ya zo aiki. Amma a wani gari ne, sai dai ya riƙa dawowa weekend. Ni kuma leave ɗina ya kusa ƙarewa. Ban san yadda zan yi da yara biyu ba, Umma."

Ta faɗa ne tana gyara wa jariri hula, ba ta dube ni ba. Naman ya fita daga raina.

Zuwana Birmingham ba don ƙarfe ba ne. Ina da ƙawa a can, Madam Rifkatu, mun yi koyarwa a makaranta ɗaya shekaru da yawa kafin ta bi 'yarta Ingila. Maman Hanifa ta ce tunda ga mota za ta, in bi. Na ce ni da surukina a mota ɗaya? Ta ce, "Umma, kin san kuɗin train kuwa?"

Na shiga baya, can ƙuryar da madubinsa ba zai kamo ni ba. Ya ce, "Bismillah," na ce, "Allah ya kai mu lafiya." Daga nan babu wanda ya sake cewa uffan. Titi shimfiɗeɗɗe, manyan motoci a jere, tumaki a gefe kowace da fenti a gadon baya. Ya kunna rediyo, aka fara wata hira ta mata da miji, ya yi maza ya kashe. A wani wurin hutawa ya tsaya ya sayo shayi. Miƙo mini kai tsaye ba zai yiwu ba, sai ya buɗe ɗaya ƙofar ya ajiye a kan kujera, ya koma can nesa ya sha nasa a tsaye cikin yayyafi, ya ba ni baya. Shayin ruwa-ruwa ne, amma na shanye.

Gidan tsohon muka fara zuwa. Sunansa Denis, tsohon ma'aikacin kamfanin mota, siriri. Falonsa cike da kwalaye. Turancin Birmingham ya fi na Hanifa wuya, amma na tsinci cewa matarsa ta rasu, kuma an fito da wata doka ta rage wa mutum tallafin haya in yana da ɗakin da ba a kwana a ciki. To shi ɗakin nasa ƙarafa ne ke kwana a ciki, waɗanda ya ƙera da hannunsa tun yana da ƙarfi. Dole ya koma ƙaramin gida, dole kayan su tafi. Ya kawo mini shayi da biskit biyu a faranti. Baƙo ya taso daga wani gari, biskit biyu. Ban ga laifinsa ba, babu mace a gidan.

Suka hau sama. Daga kan bene Denis ya leƙo ya yafito ni, wai in zo in gani, akwai abin da zai nuna mana. Na ce na gode, ƙafata ke ciwo. Ƙafata lafiya lau. Ɗakin ƙarami ne, ba zan je in tsaya kafaɗa da kafaɗa da mijin 'yata ba. Suka daɗe a can, ina jin muryar tsohon sama-sama, yana magana yana tsayawa. Ni ina ƙasa ina kallon hoton wata mata mai gilashi a kan talabijin.

Suka sauko da kaya: sulke a cikin bokiti, farantin ƙirji, safar hannu ta ƙarfe, duk sun yi tsatsa. Na ƙarshe Denis da kansa ya riƙo shi, a naɗe da tawul, kamar jariri. Tawul ɗin ya zame na gani. Kwalkwali ne baƙi ƙirin, yana maiƙo, kamar gindin tukunyar gidan biki. Na ce a raina, Allah sarki, namiji in ya rasa mata har hularsa sai ta nuna. Ya raka mu har mota, ya tsaya a bakin titi bai koma ba har muka sha kwana.

Madam Rifkatu tana Lozells, unguwar ƙananan shaguna, ka ga mai sayar da doya kusa da mai sayar da sari. Ta rungume ni har ɗankwalina ya faɗi. Aikin kula da tsofaffi take, gida-gida, ta ce an rage musu lokaci, kafin ka gama gaida tsohuwa an ce ka tafi gida na gaba. Ta yi tuwon shinkafa da miyar taushe, wadda rabona da irinta tun Kano. Ta kai wa Baban Hanifa nasa falo, mu muka zauna a kicin muna lissafa waɗanda suka mutu da waɗanda suka yi jikoki.

"Wai har yanzu kuna wannan kunyar?" ta ce. "A Ingila? Me kuka tattauna a mota?"

"Ya ce bismillah."

Ta yi dariya har tana riƙe ciki. "Hajiya, ni surukina jiya ya aike ni in ɗauko masa caja. Ki riƙe naki da kyau, an daina yin irinsu."

Da muka dawo Manchester, sauran kayan suka shiga rumfa. Baƙin kwalkwalin kuwa sai ya ɗora shi a kan firij, a kicin. Daga baya na ji wai rumfar na yoyo ne shi ya sa. A lokacin ba wanda ya gaya mini, ni kuma ban tambaya ba. Ta tagar kicin nake kallonsa yana aiki. Ya zuba sulken a wata ƙaramar ganga da yashi, ya yi ta gangara ta a tsakar gida har tsatsar ta fita, sannan ya zauna yana mayar da zobban da suka ɓalle ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗora farantin ƙirji a kan kututture ya fitar da lotsawar da guduma, ya goge shi har yana ɗaukar ido. Safar hannun ma haka. Duk abin da ya taɓa sai ya bar shi fari tas.

Sai na yi lissafi irin na kowace mace mai hankali. Komai gogewa yake. Wannan na kan firij shi ya fi kowanne datti, shi ya sa ya bar shi ƙarshe, kuma shi ne wanda shugaban ke jira. Mutumin nan ya rame. Ina cin abincinsa, ina kwana a ɗakin da ya bar mini, ban da bakin da zan ce masa sannu da ƙoƙari. Guduma ban iya ba. Amma a unguwarmu an san tukwanena.

Ranar Juma'a ya tafi masallaci, daga can zai wuce sayen fata. Mai jego da jariri suna barci. Na sauko da shi, na cire tawul, na naɗe hannun riga. Na haɗa kanwa da lemon tsami, na ɗauki soson ƙarfe sabo. Baƙin nan ya yi taurin kai, ban taɓa gamuwa da irinsa ba, kamar an gasa shi a jikin ƙarfen. A gefen goshi, wajen baki, soson ya fara fito da wani ja-ja da rawaya-rawaya, na ce ga tsatsar ta fito. Na ƙara ƙarfi. Sai da kafaɗata ta riƙe, amma na ga bayansa. Na ɗauraye, na goge, na ga fuskata a ciki da faɗin hanci. Na kife shi a kan abin tsane kwanuka, kusa da tukunyar miya.

Ina yanka albasa ya shigo da naɗin fata a hammata. Na ji takunsa ya tsaya. Ban juya ba, amma ina jin tsayuwar ta yi tsawo. Can na ji ya durƙusa.

"Sannu da aiki, Umma," ya ce. "Allah ya ƙara girma."

"Yauwa," na ce, ina kallon albasa. Daɗi ya kama ni, ba zan ɓoye ba.

Ya sa hannu biyu ya ɗauka ya fita rumfa. Ranar ban ji guduma ba. Na ce madalla, na rage masa aiki ya samu ya huta. Da yamma na ga idon Maman Hanifa ya yi ja, ta ce rashin barci ne.

Washegari Kolin ya zo ganin kaya. Ina kicin, su suna falo, bango kuwa na gaya muku yadda yake. Turancin malamin makaranta ne, kowace kalma na ji ta. Ya yaba sulken, ya ƙwanƙwasa farantin ƙirji ya ce ya yi. Sannan ya ce ina na Denis. Na ji an ajiye abu a kan tebur. Na gyara tsayuwa ina jiran yabo.

"Ina baƙin?" Kolin ya ce. "Ina furannin?"

Ya ci gaba, muryarsa ƙasa-ƙasa, kamar mai yi wa kansa magana. Wai da mai da wuta Denis ya baƙanta shi, shafi bayan shafi. Wai furannin da ke zagaye da bakin, ja da rawaya, matarsa ce ta zana su da hannunta kafin ta kwanta ciwo. Wai Denis ne ya fara sa masa kwalkwali a ka yana saurayi, kuma wannan ɗin ne. Ƙyallen ciki da maɗauri kawai ya ce a canja.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne," Baban Hanifa ya ce. "Na ɗauka tsatsa ce."

"Kai? Na gaya maka. Shi ma na san ya gaya maka."

"Ya gaya mini. Kuskurena ne."

Hannuna ya riga ya kai kan ƙofa. Ban san lokacin da Maman Hanifa ta shigo ba, sai ji na yi ta riƙe mini wuyan hannu, da jariri a kafaɗarta.

"Umma, kar ki fita," ta ce a hankali. "In kin fita kin mai da shi maƙaryaci a gaban baƙo. Tun jiya ya hana ni in gaya miki. Ki bar masa wannan."

Na tsaya. Har yau ban san ko daidai na yi ba. Kolin bai ɗaga murya ba, da ya ɗaga ma da ya fi mini sauƙi. Ya ce baƙi kowa na iya sake gasawa, amma ba na kowa yake so ba. Ya ce ba zai iya ce wa mutanensa su kawo kayansu wurin wanda aka gaya wa abu sau biyu ya manta ba. Ya ɗauki sauran, ya bar kwalkwalin a kan tebur. Da zai fita ya hango ni ta ƙofar kicin, ya dafa ƙirji ya gaishe ni, irin yadda na koya masa.

Kunya na sha ji a rayuwata, ta amarci, ta surukai, ta haihuwar fari. Wannan daban ce, ba ta da daɗi ko kaɗan.

Sauran kwanakin ba abin da ya canja. Da safe ya durƙusa, "Umma, an tashi lafiya?" in amsa ina kallon jariri. Muka ci gaba da ba juna hanya a lungu. Guduma dai ta yi shiru. Na ji yana waya da mutanen warehouse, ya ce zai fara in ya kai surukarsa filin jirgi. Aka yi arba'in, na dafa abin da ake dafawa, matan 'yan Arewa na Manchester suka zo suka ci suka yaba. Kwalkwalin ya koma kan firij, ba tawul, har ya fara fitar da ɗigon tsatsa saboda damshin garin. Duk wanda ya buɗe firij sai ya gan shi. Ranar da nake haɗa kaya na ce wa Maman Hanifa ta saka mini shi a akwati. Ta ce me zan yi da shi. Na ce ba dai zai ci gaba da kallonsa kullum ba.

Shi ya kai ni filin jirgi. Ya tura kayana har wurin awo, ya tsaya gefe, kansa a ƙasa. Da aka zo rabuwa ya durƙusa a tsakiyar Turawa, suna kewaye shi da akwatunansu, ya ce Allah ya kiyaye hanya, a gaida mutanen gida. Ya miƙe zai juya. Sai na kira sunansa. Sunansa na yanka, wanda ban taɓa furtawa ba tun ranar da aka kawo kuɗin gaisuwarsa. Ya tsaya cak.

"Na ji abin da ka gaya wa Baturen nan," na ce. "Duka na ji."

Bai ɗago ba. Ya daɗe yana kallon takalminsa.

"Umma," ya ce, "ai ya yi kyau. Ban taɓa ganin an goge ƙarfe haka ba."

Na shige layi ban waiwaya ba, don ba a filin jirgin Manchester zan yi kuka ba. A Kano jami'in kwastan ya ɗaga kwalkwalin sama ya leƙa ta tagar idon, ya tambaya ko na girki ne. Na ce eh, ya mayar mini.

To, ga labarin tukunya mai taga. Waɗanda suka ce ta fara dafewa in ba su ita su wanke mini, na gode, a bar ta. Ni nake shafa mata man gyaɗa in ɗora a kan garwashi in an sauke tuwo, ta fara yin duhu, ko da yake ba irin wancan ba. Furanni kuwa ban ma san kamanninsu ba, ban gan su ba sai a jikin soso. Baban Hanifa yana can warehouse, Hanifa da ƙaninta suna wuni a gidan wata mai raino. Duk Juma'a yana kira. Ya gaishe ni, ya tambayi ƙafata, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sannan ya yi shiru yana jira in fara ajiye waya.